Na Je Ostareliya Na Koyo Magana da Akuya

Tun da na dawo daga Ostareliya ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a gidan suna, har a kasuwar Batsari ina cikin taya tumatir sai wata ta dafa ni ta ce, "Malama Rabi, wai da gaske ne in muna rana su can suna dare?" Ƙanwata Indo ta fi kowa naci, ita da ta raka ni tasha tana kuka kamar yaƙi aka ce zan tafi. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta gaba ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa. Akwai ɓangaren labarin da ba nawa ba ne ni kaɗai, amma masu shi sun ba ni izini. Ba za ku ga sunansu ba, don ko da ma ba sunayen da bakina ke kira ba ne.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, a ɗakin awon ciki na yi furfura. Aikina ranar awo shi ne in tsaya gaban mata in yi musu bayani, har da na cutar nan mai karya garkuwar jiki da ake ce wa ƙanjamau. Da na lura in na fara bayani gyangyaɗi suke yi, sai na riƙa jefa 'yar tatsuniya a tsakiya. Wata likita da ta zo duba aikinmu ta ji ni, ita ce ta miƙa sunana ga wata ƙungiya da ke tara ma'aikatan lafiya daga ƙasashe daban-daban. Za a kai mu ne mu ga yadda 'yan asalin Ostareliya, waɗanda ake kira Aborijin, suke koyar da zancen cutar nan ta hanyar labaransu na gargajiya.

Kowa ya taya ni murna, amma ni na tafi da damuwa a raina. 'Yata ta fari tana aure a Wagini, cikinta ya kai wata huɗu, kuma ba ta taka ɗakin awo ba. A cikinta na farko mijin da kansa yake kawo ta a kan babur. Wannan karon ya ce ba za ta je ba, bai kuma faɗi dalili ba. Shi direban akori-kura ne, yana ɗaukar hatsi tsakanin kasuwanni, mutum ne kakkaura da, amma ya bi ya rame, yau zazzaɓi gobe gudawa. Na ga irin wannan ramar ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na kuma san in har abin da nake tsoro ne, akwai maganin da mai ciki za ta fara sha da wuri ɗan ya fito lafiya. In aka yi jinkiri kuwa, yaron da bai ji ba bai gani ba shi zai ɗauka.

To, wanzami ba ya son jarfa. Ni da na yi wa matan ƙaramar hukuma guda bayanin abin da ko a uwar ɗaka ba a faɗa, na kasa buɗe baki a gidan 'yata. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, hira ba ta taɓa haɗa mu ba. Shi kuma suruki ne, in ya hango ni sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya sunkuyar da kai, da an gama gaisuwa kowa ya kama gabansa. Na aiki Indo, yarinyar ta ce mata, "Inna Indo, mai gida bai bari ba." Malam, maigidana, ya je ya ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi, suka yi zancen damina ya dawo. A haka na bar su, ina jin haushin kaina da na kowa.

Daga Batsari zuwa Katsina a ƙaramar bas na tafi, da hantsi, don a zamanin nan babu mai hankalin da zai bari yamma ta same shi a hanyar nan. Wata tsohuwa ce kusa da ni, riƙe da kaji biyu. Da ta ji inda za ni ta ce, "Wanga gari, gaba da Makka yake ko baya?"

Na ce, "Gaba yake, Iya, nesa ma kuwa."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To ke mi za ki nema gaba da Makka?"

Duk motar aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma har muka shiga Katsina ban samo mata amsa ba.

Ba zan ɓata muku lokaci da wahalar biza a Abuja ba, har hoton ƙirji sai da suka sa na ɗauka. Jirgin farko ya sauke mu a wata ƙasar Larabawa, muka sauya wani. Wannan na biyun shi ne azaba. Na yi barci na farka, na ci abinci, na sake barci na farka, aka ce har yanzu a kan teku muke. Agogona ya ce azahar ta yi, taga kuwa baƙi ƙirin. Wata dattijuwa 'yar Indonisiya da ke gefena ta ga ina ta juye-juye da carbi, ta nuna mini alƙibla a jikin ɗan talabijin ɗin kujera, muka yi sallarmu a zaune. Ba ta jin maganata, ba na jin tata, amma da za mu sauka sai da muka rungumi juna.

A bakin iyakarsu na sha kunyar farko. Indo ta cika mini jaka da kilishi, daddawa, kuka, goro da yaji, wai kada yunwa ta kashe ni a ƙasar da ba tuwo. Ina tsaye a layi sai ga wani ɗan guntun kare sanye da riga, ya zo ya zauna daram a gaban jakata. Ina ta tattare hijabi kada ya taɓa ni, ma'aikaciyar da ke riƙe da shi tana ta yaba masa. Da ta buɗe ƙullin daddawa sai ta ja da baya ta toshe hanci, ta tambaye ni cikin ladabi ko abin ya lalace ne a hanya. Na ce a'a, yanzu ma ya yi daidai. Allah ya taimake ni na riga na rubuta a takardarsu cewa ina ɗauke da abinci, don haka ba a hukunta ni ba, amma komai ya tafi kwandon shara sai yaji kawai. Suka karɓi takalmana suka kankare ƙasar da ke tafinsu, wai kada in shigo musu da ƙwayar ciyawa ko cutar dabbobi. Ƙasar Batsari dai ba ta sami biza ba.

Mun kwana biyu a wani babban birni a bakin teku ana yi mana jawabai, sannan aka rarraba mu. Ni aka sa ni a wani jirgin zuwa tsakiyar ƙasar. Ƙasa ce ja wur, babu gona babu gari sai ƙananan itatuwa. Na baro damina a gida, na tarar da su cikin sanyi mai shiga ƙashi. Wadda ta tarye ni sunanta Linda, 'yar Aborijin ce, ma'aikaciyar lafiya kamata, baƙa kamar ni amma gashinta mai santsi. Ita ke tuƙa motar asibiti, kuma tuƙin nata ko direbobin tashar Batsari sai su sara mata. Ta ce ƙauyensu ba a shiga sai da izinin masu ƙasar, ko da Bature ne haifaffen can.

A hanya na ga garken raƙuma suna kiwo. Na tambayi Linda na wane ne. Ta ce ba na kowa ba ne, na daji ne, sun yi yawa har sun zama fitina. Na ce ta sake faɗa. Raƙuma ƙosassu, ba mai shi, ba mai kora, ba mai sata. Na ce mata in mutanenmu suka ji wannan labarin, da ƙafa za su taho.

Masaukina wani ɗakin ƙarfe ne a bayan asibitin ƙauyen, da gado da na'urar ɗumama ɗaki wadda na kwana biyu ban gane kanta ba, ina kwana da hijabi biyu da safa. Da rana kuma ƙuda, ba sa sauka a abinci, ido da baki suke nema. Abinci kuwa na ci kifin gwangwani da ƙwai da burodi har na fara mafarkin tuwon dawa. Linda ta ɗanɗana yajina sau ɗaya, ta yi ta hawaye tana shan ruwa, daga ranar in ta ga na ɗauko kwalbar sai ta matsa.

Ita ta gabatar da ni ga Anti Rozi, tsohuwar da na zo koyo a wurinta. Su ma Anti suke ce wa manyan mata. 'Yar firit ce, farin gashi, da hular ulu, da wani tsohon kare mai ɗingishi da ke bin ta ko'ina. Na durƙusa na jero mata gaisuwa irin tamu da Turancina na makarantar kiwon lafiya, ya kwana, ya gida, ya yara, ya sanyi. Ta kalli ƙasa ta yi shiru. Na zaci na yi laifi. Daga baya Linda ta ce su ba sa yawan tambaya, ba sa kuma kallon mutum cikin ido, in an zo sai a zauna kusa da juna shiru har magana ta zo da kanta. Da na tambayi Anti Rozi inda gidanta yake kuwa, tura baki ta yi ta nuna mini, sak yadda matan Wagini ke yi.

Rannan suka gasa wutsiyar wata dabbarsu mai tsalle da aljihu a ciki, kangaru, suka binne ta a toka, suka miƙo mini kaso mai kyau. Na yi musu bayanin yanka, ina tsoron kada su ji haushi. Anti Rozi ta ce ba komai, su ma kowa da abin da aka hana shi ci. Ta ba ni wani burodi da suke gasawa a garwashi, da wasu tururuwa da suke tonowa masu ciki cike da zuma. Na yi jim, sai na tuna mu ma fara muke ci da yaji, na tsotsa. Da daɗi kuwa.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne zancen mamaci. In mutum ya rasu ba a ƙara kiran sunansa sai an daɗe, har takwarorinsa sai an sauya musu abin da za a riƙa kiransu. A asibiti na ga hoton ma'aikata an manne fuskar mutum ɗaya da takarda. Na ce wa Linda mu kuma da mutum ya rasu muke mayar da sunansa ga jariri, sannan kunya ta hana mu kiran sunan, mu koma cewa Abba ko Ummi. Ta yi dariya ta ce ashe duk tafiyar ɗaya ce. Allah ɗaya gari bamban, amma bambancin bai kai yadda na zata ba.

Koyarwar tasu ba a cikin asibiti ake yin ta ba. Maza su tafi wurinsu da dattijon namiji, mata su tafi nasu, don a wurinsu zancen maza daban, na mata daban. Mu mun zauna ne a cikin wani busasshen rafi, a kan yashi. Anti Rozi ta share gabanta da tafin hannu ya yi sumul, ta fara magana da harshensu tana zane da yatsa, Linda na fassara mini a hankali. Ta ce tsofaffin labaransu na kakanni suna da masu su, ba a taɓa su don wannan aiki. Wannan sabo ne, an dai ɗinka shi ne da irin ɗinkin da.

Ta zana da'ira, wai zango ne, da mutane zaune kewaye da wuta, da karnuka masu gadi a gefe. Wani abu da ido ba ya gani ya shigo zangon, bai taɓa kowa ba, karnukan kawai yake sa wa barci ɗaya bayan ɗaya. Mutane suna ta harkarsu ba su sani ba. Da karnuka suka gama kwanciya, sai ƙananan macizan da da ba sa iya kusantowa suka riƙa shigowa. Sannan ta zana wata mata da ta je ta karɓo abin da ake ba karnuka kullum su farka, har jaririn da ke cikinta aka haife shi da nasa karnukan idonsu biyu. Duk inda labari ya juya sai ta shafe zanen ta sake wani. Da ta gama ta share yashin gaba ɗaya, aka tashi aka dafa shayi.

Ba ta ambaci kowa ba, ba ta tsorata kowa ba, kuma babu abin da ya rage a ƙasa da za a nuna a ce don wance aka yi. Na tuna hoton da muka daɗe muna mannawa a bangon asibitocinmu, na wani mutum kamar ƙwarangwal, wanda duk ya gan shi ya gwammace ya mutu bai sani ba. A kwanakin da suka biyo baya na ga matan nan suna zuwa wurin Linda ɗai-ɗai ta ƙofar baya, a ɗebi jininsu.

Babban kuskurena a mota na yi shi. Muna dawowa daga rafin, Anti Rozi na gaba, ni ina baya ni kaɗai, sai muka tarar da wani mutum yana tafe a ƙasa da jarkar ruwa a kafaɗa. Na ga Linda ba ta da niyyar tsayawa. Raina ya ɓaci, na ce haba, ga wuri, a tsaya mana. Ta tsaya don kunyata. Na buɗe ƙofa ina ta yafuto shi, ina cewa ya shigo. Mutumin nan da ya hango wadda ke gaba sai ya juya baya, ya ratse cikin daji da jarkarsa. Anti Rozi kuma ta ja hularta ta rufe fuska.

Da muka sauka Linda ta ja ni gefe ta ce, "Mijin 'yarta ne. Ba sa shiga mota ɗaya, ba sa zama wuri ɗaya, ba ya kallonta, ba ta kiran sunansa. Ba gaba ba ce, girmamawa ce."

Na je na ba Anti Rozi haƙuri, ta ce baƙo ba ya laifi. Na zauna kusa da ita shiru kamar yadda aka koya mini, can dai na kasa daurewa na ce, "Anti, in akwai maganar da dole ya ji, maganar rai da mutuwa, yaya kike yi?"

Ta ce wasu aike suke yi. Amma akwai maganar da in ta bi ta bakin ɗan aike ta zama ta gari. Shekarun baya wannan surukin nata ya ƙi yarda a ɗebi jininsa, alhali 'yarta na da ciki. Sai ta bari yana zaune a bayan gida yana gyaran mota, ta zo ta zauna ta juya masa baya, ta kira karenta ta ba shi labari da ƙarfi. Ta ce, "Ni da karena nake magana. In wani ya ji, kunnensa ne."

Ban san lokacin da na kwashe nawa labarin na faɗa mata ba, abin da ko Malam ban fito na faɗa masa ƙarara ba. Na yi kuka a gaban matar da ban fi sati biyu da saninta ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kina da kare?"

Na ce, "Mu ba ma ajiye kare a cikin gida."

"To me kuke ajiyewa?"

Na ce, "Akuya."

Ta ce, "Akuyarku tana da kunne?"

Muka yi ta dariya har Linda ta leƙo ta ga ko lafiya.

Dawowar ban ga tsawonta ba, hankalina na Wagini. Na kwana ɗaya a gida, gari na wayewa na hau acaba da 'yar tsaraba a hannu. Na tarar da surukin nawa a gida, jikin ya hana shi fita. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce an dawo lafiya, ya zame ya koma bayan dangar kara inda yake ajiye motarsa. Ina jin motsinsa yana ƙwanƙwasa wani ƙarfe. Jikata tana makaranta. Yarinyar ta shimfiɗa mini tabarma a ɗaki ta koma madafa, cikin ya fito sosai. Na ɗauko tabarmar na kai ta gindin dangar, inda aka ɗaure wata jar akuya, na zauna na juya wa dangar baya.

Mun taso ana ce mana mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. Na ce a raina na je bangon duniya na dawo ban ɓata ba, kuma zamanin nan bai bar mana hirar dare ba. Na share ƙasa da tafin hannu, na dubi akuya na ɗaga murya na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Akuya ta ci gaba da tuƙa. Ƙwanƙwasar bayan danga ta tsaya. Can daga madafa na ji wata 'yar murya ta ce, "Ta zo mu ji ta."

Na zana da'ira na ce, "Akuya, wani manomi ne da rumbunsa cike da gero, a ciki kuma ya ajiye irin baɗi. Wata rana ya ga gari-gari na zubowa ta gindin rumbun, ya san ƙwaro ya shiga. Bai san ta ina ya shiga ba, shi ƙwaro kuwa ba ya sallama, yana shiga rumbun mai kula yana shiga na marar kula. Sai tsoro ya kama shi kada gari ya ji. Ya kwaɓa laka ya liƙe bakin rumbun, ya ce wa matarsa kada ta kuskura ta buɗe. Ba mugu ba ne, akuya, kunya ce da tsoro. Abin da bai sani ba, akwai masu maganin ƙwaron nan. Ba ya kashe shi duka, amma yana kwantar da shi, in ana sawa kullum sai a ci geron shekara da shekaru. Rumbuna da yawa a garin haka suke, masu su na yawo da ƙibarsu ba wanda ya sani. Iri kuwa, in an sa maganin da wuri, ƙwaro ba ya taɓa shi sam. In aka bari sai ranar shuka, to an makara." Sannan na ce, "Nan labarin ya tsaya mini, akuya. Ƙarshensa yana hannun mai rumbu."

Har na fara tunanin na ɓata komai, na zubar da girmana a banza. Sai na ji ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ke akuya, tambaya mani mai labari. In anka buɗe rumbun nan, wa da wa za su gani?"

A nan na gane abin da ya hana yarinyar awo. Asibitin da nake aiki yake tsoro, kada sakamakon ya faɗo a hannuna. Na ce, "Ki ce masa akwai masu dubawa a Safana. Abin da suka gani tsakaninsu da shi ne. Mai labari ba za ta tambaye su ba, su ma ba za su faɗa mata ba."

Da ya sake magana muryarsa ta sauya. Ya ce, "In kuma matar mai rumbu ta ga ƙwaro ta ce ta gaji da zaman fa?"

Ban kai ga buɗe baki ba yarinyar ta fito daga madafa da muciya a hannu. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi dangar ba, akuyar ta duba. Ta ce, "Ki ce mashi matar ta daɗe da ganin garin na zuba. Ba inda za ta. Jira kawai take ya buɗe."

Na shafe zanena da tafin hannu, na naɗe tabarma na jingine, na yi sallama na fita ko ruwa ban sha ba. Sai da ɗan acaba ya tambaye ni ko ƙwaro ne ya faɗa mini a ido.

Na cika alkawari ban tambayi kowa komai ba, kuma wannan ya fi tafiyar jirgin nan wuya. Abin da idona ya gani dai shi ne motarsa ta koma hanya, bayan 'yan watanni kuma rigarsa ta fara cika. A asibitin Safana ta haihu, namiji. Da hidimar suna ta taso wani ƙanen mijin ya ce a kai jar akuyar nan kasuwa a ƙara a sayi rago. Indo ta ce da kunnenta ta ji mijin ya ce a sayar da komai ban da ita.

Bayan an yi arba'in da 'yan kwanaki na je ganin jariri. Ina zaune a tsakar gida sai na ji surukin nawa ya shigo ya tsaya a bayan danga. Ya ce, "Akuya, ki hwaɗa wa mai labari an duba irin. Sun ce lafiya lau yake. Saura dubawa ɗaya bayan yaye, kuma mai rumbu da matarsa ba su fashin magani." Ya ɗan tsaya, ya ƙara da cewa, "Ki ce mata in tana so ta ba da labarin, ta bayar. Akwai masu rumbu irin nawa a tasha."

Na ce, "Akuya, ki ce masa Allah ya yi masa albarka."

Yarinyar ta zo ta ɗora mini yaron a cinya ta koma ɗaki. Shi dai jika ne, babu kunya tsakanina da shi. Na kira sunansa da ƙarfi har sau uku, na ce masa angon nan nawa ya cika ƙiba, ban san da me zan ciyar da shi ba. Tun daga ranar duk lokacin da na shiga motar Katsina sai na duba ko zan ga tsohuwar nan mai kaji, wadda ta tambaye ni abin da zan nema gaba da Makka. In Allah ya sake haɗa mu, gida zan ja ta in ɗora mata yaron nan a hannu, in ce Iya, ga shi.